Bayan An Ɗinke Fuska: Tarihin Dawo Wa Baki Da Aikinsa, Daga Indiya Zuwa Sakkwato

 

Yau tarihin wani fanni na aikin likita za mu duba, fannin da ba a cika zancensa a wajenmu ba: gyaran baki da maƙogwaro bayan ciwo ya cinye su, ko bayan likita ya yanke wani sashe nasu don ya ceci ran mai ciwon daji. A yi haƙuri, rubutun yana da ɗan tsawo, kuma akwai wuraren da mai raunin zuciya ba zai ji daɗinsu ba.

Sai mun fara warware wani rikicin suna. In ka ce "noma" a Ɗanbatta, ko a Makoɗa ko Kunchi, garma da fartanya kowa zai tuna. To a asibiti akwai cuta mai wannan suna, kuma babu abin da ya haɗa ta da gona. Kalmar Girkanci ce, asalinta daga kiwo, yadda dabba ke cin ciyawa tana ƙara gaba. Haka cutar take yi wa fuskar yaro. A cikin mutanenmu wasu su ce ciwon iska, wasu su ce ciwon daji, ma'aikatan lafiya kuma sukan ce zaizayar baki, kuma da wannan sunan zan riƙa kiranta. Ba mu kaɗai muka haɗa ta da daji ba. Likitocin Turai na da cancrum oris suke ce mata, wato kansar baki da Latinanci, Jamusawa da mutanen Holan kuma suka sa mata kansar ruwa.

Amma cututtuka biyu ne daban-daban. Kansar baki da maƙogwaro ta fi kama manya, musamman masu shan sigari, masu cusa taba gari a baki, da masu shan giya, sai kuma wata ƙwayar cuta da ake kira HPV wadda ke taɓa can cikin maƙoshi. (A Indiya akwai wani ɗan itace da suke taunawa wanda bincike ya tabbatar yana jawo ta. Wasu na fassara sunansa da goro, amma itace ne daban da goronmu.) Ita kuwa zaizayar baki yara take kamawa, galibi daga shekara 2 zuwa 6. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: yunwa ta rage wa yaro ƙarfi, ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya biyo baya, sai ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki su samu dama. Dasashi ya kumbura yana jini, baki ya yi wari, kunci ya kumbura, cikin mako ɗaya ko biyu fata ta yi baƙi ta fice. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 1998, yara 140,000 ke kamuwa duk shekara, kuma in ba a yi magani ba har kashi 90 cikin 100 na iya mutuwa. Inda cututtukan biyu suka haɗu shi ne raunin da suke bari: rami a kunci, leɓe ya tafi, ƙashin muƙamuƙi ya ɓace, baki ya ƙi buɗuwa. Likitocin da ke gyarawa su ne dai, dabarun ma su ne dai, shi ya sa tarihinsu ya zama ɗaya.

Ku duba aikin da baki ke yi mana daga asuba zuwa isha'i. Leɓe ya rufe ya riƙe yawu. Muƙamuƙi ya buɗe ya tauna. Harshe ya juya loma, ya tattara ta, ya tura ta baya. Ganɗa ta tare hanyar hanci kada kunu ya fito ta can. Maƙogwaro ya rufe hanyar numfashi na ƙiftawar ido har lomar ta wuce. Wanda ya yi karatun tajwidi ya san yadda malamai suka raba mafitar haruffa tsakanin maƙoshi da harshe da leɓɓa da hanci. Yaron da leɓɓansa ba sa haɗuwa, harafin farko da za a rubuta masa a allo, wato ba, ba zai fito daga bakinsa ba, haka mim. Duk wannan aikin kuma da ji yake tafiya, ba jin kunne ba, jin fata: harshe ya san ina lomar take, leɓe ya san kokon nan ya yi zafi. Likitoci sun daɗe da iya toshe rami a fuska. Abin da ya ci musu ɗaruruwan shekaru shi ne dawo da wannan aikin, kuma har yau ba su gama ba.

Farkon labarin a Indiya yake. Can ana yanke wa mutum hanci a matsayin horo, don haka aka samu masu sana'ar mayar da shi. Tsohon littafin likitanci da ake jingina wa Sushruta ya bayyana yadda ake yanko fata daga kunci a yi sabon hanci da ita, daga baya kuma aka koma amfani da fatar goshi. Sirrin aikin ɗaya ne: ba a tsinke fatar gaba ɗaya, ana barin gefe guda a maƙale don jini ya ci gaba da zuwa mata har ta kama a sabon wurin. A 1794 wata mujalla a Landan ta buga labarin wani mai tuƙa amalanken shanu na sojan Ingila, sunansa Cowasjee, wanda dakarun Sarki Tipu suka yanke wa hanci, wani mai sana'ar hannu a kusa da garin Pune ya mayar masa da shi da fatar goshinsa. Wani likitan Landan, Joseph Carpue, ya karanta, ya yi ta gwadawa a jikin gawa, sannan a 1814 ya yi wa mai rai kuma ya yi nasara.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mai da abin fanni mai zaman kansa. Sojoji suna cikin ramuka, kai ne ke leƙowa, don haka harsashi a fuska yake samunsu. Harold Gillies, ɗan ƙasar Niyuzilan, ya samu aka buɗe asibiti na musamman a Sidcup kusa da Landan a 1917, inda aka yi wa sojoji sama da 5,000 aiki. Shi ya shahara da naɗe fata kamar tabarma, kai biyu a maƙale da jiki, a bari ta warke, sannan a tsinke kai ɗaya a dasa shi gaba, a sake jira, a haka fatar ƙirji take "tafiya" har ta isa fuska. Aikin kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru.

Wannan duk rufi ne daga waje. Ga masu kansa, na dogon lokaci abin da ake iya yi musu bayan yanka shi ne a toshe ramin da wani abu na roba ko ƙarfe. Akwai misalai biyu da suka shahara. A ranar 1 ga Yuli 1893 an yi wa shugaban Amurka Grover Cleveland tiyata a ɓoye cikin wani jirgin ruwa, aka cire masa wani sashe na muƙamuƙin sama na hagu. Ƙasar na cikin rikicin tattalin arziki, ana tsoron a ji shugaba ba shi da lafiya. Da farko maganarsa ba ta fita sosai, sai da wani likitan haƙori ya ƙera masa toshi na roba ya cike ganɗar, muryarsa ta dawo har ya ci gaba da jawabi, jama'a ba su gane ba. Sai a 1917 ɗaya daga cikin likitocin ya ba da cikakken labarin. Shi kuwa Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam na birnin Biyana, mashayin taba ne na gaske, bai yi irin wannan sa'ar ba. Daga 1923 zuwa mutuwarsa a 1939 an yi masa tiyata sama da 30. Toshin da aka yi masa ƙato ne, sa shi wahala, cire shi wahala, bakinsa ba ya buɗuwa sosai, cin abinci ya zama masa azaba har ya daina son ci a gaban mutane. Mutum ne mai suna, a hannun ƙwararrun zamaninsa, amma shekara 16 bakinsa bai koma daidai ba.

A ɓangaren maƙogwaro, Theodor Billroth ne ya fara cire akwatin murya gaba ɗaya saboda kansa, a Biyana, ranar ƙarshe ta 1873. Mataimakinsa Gussenbauer ya ƙera wa majinyacin wani bututu mai fitar da sauti, ya yi magana da shi, amma cutar ta dawo, bai cika shekara ba ya rasu. Sai bayan shekara ɗari da 'yan kai, wajen 1980, Eric Blom da Mark Singer a Amurka suka fito da ɗan ƙaramin bututu da ake sawa tsakanin hanyar numfashi da hanyar abinci. Mutum ya toshe hudar wuyansa da yatsa, iska ta bi ta bututun ta girgiza naman maƙoshi, murya ta fito. Tana da kaushi, amma ana gane ta. Abin lura, Blom ba likitan tiyata ba ne, mai koya wa marasa lafiya magana ne.

Babban canji ya zo ne cikin shekara 25 kacal. A 1965 Vahram Bakamjian a Amurka ya nuna yadda za a ɗago fatar ƙirji da kafaɗa da jijiyoyin jininta a yi sabon maƙoshi da ita. Ku riƙe wannan sunan, za mu sake haɗuwa da dabararsa a Sakkwato. A 1979 Stephan Ariyan ya ɗago tsokar ƙirji da fatarta ya juya su zuwa wuya da baki a aiki guda. Sannan aka shiga zamanin tsinke nama gaba ɗaya daga wani wuri, a kai shi baki, a ɗinke jijiyoyin jininsa da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, jijiyar da kaurinta bai wuce milimita 2 ko 3 ba, da zaren da ya fi gashin kai siranta. Likitocin soja a Shenyang ta ƙasar Sin, ƙarƙashin Yang Guofan, suka buga aikinsu kan fatar hannu a 1981, wadda ke tsakanin tsintsiyar hannu da gwiwar hannu. Siririya ce mai laushi, tana lanƙwasuwa, don haka a 1983 David Soutar a Gilasgo ya fara shimfiɗa ta cikin baki. A 1989 David Hidalgo a Niyok ya ɗauko siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri, wanda mutum ke iya tafiya ba tare da shi ba, ya kakkarya shi daidai lanƙwasar haɓa ya yi muƙamuƙi da shi. Ƙashin yana da kaurin da za a iya dasa haƙoran ƙarfe a cikinsa. Daga nan ne tauna ta fara dawowa. Irin wannan tiyata takan ci awa takwas zuwa sama, kuma wani abin dariya da ban tausayi, fatar hannu ba ta manta asalinta, wasu gashi kan tsiro musu a cikin baki.

Saura ji. Nan Hausa ta ɗan ƙuntata mana, domin kalmar jijiya ɗaya muke amfani da ita ga mai ɗaukar jini da mai ɗaukar saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ta biyun nake nufi yanzu. Akwai wadda ke ba gaban harshe ji. Akwai wadda ke bi ta cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa ta fito a haɓa, ita ke ba leɓen ƙasa ji, kuma in an yanke ƙashin da ita ake tafiya. Wanda aka taɓa yi wa allurar cire haƙori ya san yadda leɓe ke zama kamar ba nasa ba na awa biyu ko uku. To a ce hakan ya zauna har abada. Yawu na zuba mutum bai sani ba. Ya ciji harshensa har jini bai ji ba. Shayi ya ƙona shi. Tuwo ya maƙale a gefen kunci ya kwana a can. Mafi haɗari, loma ta gangara maƙogwaro bai shirya ba, ya ƙware, abinci ya shiga huhu ya zama ciwon haƙarƙari.

A 1990 Mark Urken da abokan aikinsa a Niyok suka buga yadda suke ɗauko fatar hannun tare da jijiyar saƙonta, su ɗinke ta da wata jijiyar saƙo a wurin da aka dasa fatar. Inda aka yanke jijiya ta yi giɓi kuma, akan ɗebo wata daga bayan ƙafa a yi gada da ita. Amma jijiyar saƙo ba wayar lantarki ba ce da za a haɗa wuta ta kawo nan take. Sai ta sake tsirowa daga inda aka yanke, kuma tafiyarta kusan milimita 1 ce a rana. Watanni ake yi kafin mutum ya fara jin wani abu kamar tafiyar kiyashi, sannan taɓi, sannan zafi da sanyi. Ɗanɗano ba ya zuwa a sabon naman, don fatar hannu ba ta da abin ɗanɗana gishiri, sai dai abin da ya rage na asalin harshe. Har yau likitoci na muhawara a kan ko ɗinke jijiyar na gyara haɗiya sosai, tunda wasu da ba a ɗinke musu ba ma sukan samu ɗan ji daga gefe. Ga kuma gashin da ake yi wa masu kansa da na'ura bayan tiyata, wanda ke kashe ragowar cutar amma ya busar da yawu ya kuma taurara naman muƙamuƙi.

Mu dawo gida. A Turai zaizayar baki ta ɓace tun kafin a samu penisilin, abinci da tsafta ne suka kore ta, ba ta sake bayyana da yawa ba sai a sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane cikin yunwa. Saboda haka ilimin gyara raunukanta a Afirka aka gina shi, kuma Najeriya na da kaso babba. Michael Tempest ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan, a 1966 ya buga bayani kan yara 250 da ya gani. Cyril Enwonwu, ɗan Najeriya, tun farkon shekarun 1970 yake nuna alaƙar cutar da yunwa da ƙyanda. A Arewa, sashen tiyatar baki da fuska na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna, ƙarƙashin Farfesa Adekeye, ya yi rubuce-rubuce kan zaizayar baki da kuma wani ƙari na muƙamuƙi da ake kira amilobilastoma, wanda ba ya yaɗuwa a jiki kamar kansa amma yakan girma har sai an cire ƙashin. Sunayen nan ya kamata ɗalibanmu masu karatun lafiya su sani.

A 1992 ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan ta fara aiki da yaran da cutar ta kama a Damagaram. In ka bi ta Kazaure da Daura ka tsallaka iyaka, Damagaram ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba a kan Sakkwato. A 1996 wata gidauniyar Jamus ta fara kawo likitocin tiyata Sakkwato, a 1999 aka buɗe Asibitin Yara na Noma a can, wanda ya daɗe yana cikin 'yan ƙalilan irinsa a duniya. Likitocin Holan irin su Klaas Marck da na Ingila da Jamus suka riƙa zuwa rukuni-rukuni. Tun 2014 ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, ke aiki da ma'aikatar lafiya a asibitin, an yi tiyata sama da 1,000, kuma kyauta ake yi. Cikin dabarun da aka fi amfani da su a can har da ta Bakamjian, wadda aka ƙirƙira don masu kansar maƙoshi a Amurka, ga ta tana rufe kuncin yaran Sakkwato da Kabi da Zamfara. Dalili kuwa, ba ta buƙatar madubi da awa goma, kuma ba ta cika mutuwa ba.

A Janairun 2023 Najeriya ta shigar da buƙata a madadin ƙasashe 32, kuma ranar 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Cikin waɗanda suka yi ta faɗi-tashi kan haka akwai Mulikat Okanlawon, wadda ita kanta cutar ta kama tana ƙarama, aka yi mata aiki a Sakkwato, ta zama ma'aikaciya a asibitin, kuma da ita aka kafa ƙungiyar waɗanda suka tsira daga cutar mai suna Elysium. A ƙarshen 2023 ɗin kuma aka buɗe wata cibiyar a harabar Babban Asibitin Ƙasa na Abuja.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Hotunan da ake yaɗawa na "kafin" da "bayan" tiyata gaskiya ne, amma hoto ba ya nuna ko baki na buɗuwa. Idan raunin zaizayar baki ya warke da kansa, tabon yakan tsuke ya ɗaure muƙamuƙin sama da na ƙasa, wani lokaci har ƙashi ya tsiro ya haɗe su. Akwai yaran da suka yi shekaru suna tura abinci da yatsa ta giɓin haƙori ko ta ramin kuncin. Ko sa irin wannan yaro barci don tiyata aiki ne, tunda bututun numfashi ba zai bi ta baki ba, sai ta hanci da na'urar leƙe, ko a huda maƙogwaro. Likita zai yanke tabon, ya fasa ƙashin, ya sa sabon nama a ciki da waje, a kan gadon tiyata baki ya buɗe yatsa uku. Amma tabo halinsa ne ya koma ya tsuke.

Wasu likitocin Holan sun yi abin da ya kamata a yaba musu: suka bi mutanen da aka yi wa wannan aiki a Sakkwato har ƙauyukansu bayan shekaru, suka auna. Sakamakon ya fito a 2010. Cikin mutum 36 da suka samu, matsakaicin buɗewar baki kusan milimita 10 ne, wato da ƙyar yatsa ɗaya ya shiga, alhali bakin lafiyayyen babba yana kai milimita 40 ko fiye. Waɗanda suka ci gaba da amfana ba su kai rabi ba. Ba hannun likita ne ya gaza ba. Abin da aikin ke buƙata bayan sallama shi ne motsa muƙamuƙi kullum, sau da yawa a rana, na watanni har shekara ko fiye. Ana jera 'yan katakon nan masu faɗi da likita ke danne harshe da su tsakanin turamen haƙori, yau biyar, wani makon shida, a haka ake ƙarawa. Yana da zafi, yaro zai yi kuka. Uwa na da daka da ɗiban ruwa da wasu yaran, uba na gona ko ya tafi cin rani, asibiti na da nisan kwana guda a mota, kuɗin motar ma babu. Mako biyu aka yi sakaci, abin da aka samu ya fara komawa. Likitocin Janeba da ke aiki da cibiyar Damagaram, inda ake riƙe yara na dogon lokaci ana motsa musu baki kuma ana bin su gida, sun ba da rahoton sakamako mafi kyau. A Sakkwato ma yanzu akwai masu motsa gaɓoɓi, masu kula da abinci da masu kwantar da hankali a cikin aikin, da tawagar da ke bin marasa lafiya gida.

A ganina wannan ne ɓangaren tarihin da aka fi tauyewa. Ana tuna Gillies da Hidalgo, an manta da masu koyar da haɗiya da magana, waɗanda su ne ke zama da mara lafiya bayan an kwance zare. Su ke koya masa ya sunkuyar da haɓa in zai haɗiya, ya juya loma ɓangaren da ke da ji, ya fara da abu mai kauri kamar kunu ko farau-farau mai ɗan nauyi domin sau da yawa tsurar ruwa ya fi saurin ƙware mutum. Su ke sa shi ya tsaya gaban madubi yana maimaita ba, ma, fa, ƙa, har su fito. Irin waɗannan ma'aikata sun yi ƙaranci ƙwarai a Arewa. Yaranmu da ke neman gurbin karatun lafiya, kowa likita ko nas yake so, ga fanni nan a buɗe.

Mu nan Ɗanbatta, mai kansar baki ko ƙarin muƙamuƙi hanyarsa ita ce daga babban asibitinmu a tura shi Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda akwai sashen tiyatar baki da fuska da na kunne, hanci da maƙogwaro. Masu buƙatar gashi an daɗe ana tura su Shika ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Girman abin da za a yanke, da yawan abin da zai dawo na magana da haɗiya, ya danganta ne da ranar da aka je. Gyambon harshe mai faɗin ƙwayar gyaɗa ana cire shi a ɗinke, mutum ya ci gaba da maganarsa. In ya kai wata takwas ana shafa masa magani a gida, rabin harshe ne zai tafi, wataƙila da ƙashi. Duk gyambon baki da ya wuce mako uku bai warke ba, ko fari ko jan tabo da ba ya gogewa, ko dusashewar murya da ta ƙi tafiya, ko ƙullutu a wuya, ko leɓe ya mutu haka kawai, a kai shi a duba. Wanda aka taɓa yi wa gashi a muƙamuƙi kuma kada ya yarda a cire masa haƙori a kasuwa ko a shago, domin ƙashin da aka gasa ba ya warkewa da sauƙi, sai ya koma wurin likitocinsa.

Ga yara kuwa, lokacin da aka fi jin tsoro shi ne bayan yaye, da bayan ƙyanda, da tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. A ɗaga leɓen yaro a duba dasashi. In yana jini, yana wari, ga zazzaɓi, ga kunci ya fara tashi, ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba. A wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da Flagyl, da wanke baki da ruwan gishiri, da abinci mai gina jiki, sukan tsayar da ita cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, don haka babu dalilin ɓoye shi a ɗaki. Wanda kuma ya riga ya warke da rauni, ko ya girma, ko ya kai shekara 30 yana rufe fuska da mayafi ko rawani, ana yi wa manya aiki a Sakkwato. Sai dai masu raka shi su tafi da sanin cewa ba tafiya ɗaya ba ce, wasu sai an yi musu aiki sau uku ko huɗu, kuma kafin a baro asibiti a tabbata an samu mutum ɗaya a gida, uwa ko yaya ko kawu, wanda aka koya wa jera katakon nan da auna baki da yatsa, aka kuma rubuta masa ranar komawa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.